Daga Gona Zuwa Tukunyar Makaranta: Nazari a Kan Kurmin Mashi da Kewayenta

Gabatarwa

Unguwar Kurmin Mashi tana ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi, a gefen babban titin nan na Nnamdi Azikiwe wanda ya kewaye gari ta yamma. Ta wannan titi ne manyan motoci ke wucewa dare da rana, maƙare da masara da dawa da wake da kwandunan tumatir, wasu daga hanyar Birnin Gwari ta Mando, wasu daga hanyar Zariya ta Kawo, akasarinsu sun nufi Abuja da kudancin ƙasa. A 'yan kilomitoci kaɗan daga unguwar akwai tsohon mazaunin Makarantar Horar da Hafsoshin Soja, da Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Mando wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, ban da makarantun firamare da na sakandare da na Islamiyya masu ɗimbin yawa. Duk waɗannan wurare cike suke da bakunan da sai sun ci abinci kullum. Amma kafin ƙwayar masara ta taso daga gonar manomi ta isa tukunyar makaranta, takan bi ta hannun ɗan sari na ƙauye, da dillali, da babban ɗan kasuwa, da mai awo a Bakin Dogo ko Kasuwar Bacci, kowa kuwa da ribarsa.

Wannan maƙala za ta duba abin da ake nufi da haɗa manomi da makaranta kai tsaye, da dalilin da ya sa masana tattalin arziki suke ganin alheri a cikinsa, da kuma abin da ya hana shi kankama duk da an jarraba shi a Jihar Kaduna.

Makaranta a Matsayin Kasuwa

Babbar matsalar ƙaramin manomi ita ce rashin tabbas. Yana shuka ne ba tare da sanin wanda zai saya ba, ko nawa za a saya. Makaranta kuwa mai saye ce da aka san bukatarta tun kafin faɗuwar ruwan fari, domin an san yawan ɗalibai, an san kwanakin karatu, an kuma san abin da za a dafa. Kowa na iya yin lissafin da alƙalami da takarda.

A ɗauka, alal misali, akwai makaranta mai yara 1,000, ana ba kowane yaro abincin da aka yi da giram 100 na hatsi a rana, kuma ana zuwa makaranta kwana 180 a shekara. Kilo 100 ke nan a kullum, wato buhu guda. A shekara ya zama buhu 180, ko tan 18. Ƙaramin manomin masara a Nijeriya yakan sami abin da ya kai kimanin tan 2 a hekta guda, saboda haka makarantar nan ita kaɗai za ta cinye amfanin gona hekta 9. Idan aka ƙara wake sau biyu a mako, da ƙwai sau ɗaya, da manja ko man gyaɗa, da alayyafo da albasa da tattasai, sai a ga makarantar firamare guda ta zama kasuwar gidaje da dama. To, ina ga makarantar kwana, inda ake ɗora tukunya sau uku a rana?

Alherin bai tsaya ga manomi shi kaɗai ba. Tun a 1931 wani masanin tattalin arziki na Ingila mai suna Richard Kahn ya bayyana yadda kuɗin da aka kashe sau ɗaya ke haifar da ciniki ninkin-ba-ninkin, domin abin da wani ya kashe shi ne samun wani. Idan makaranta ta biya manomi naira 100, shi kuma ya kashe 60 a cikin yankinsa wajen mai niƙa da maƙeri da tela, su ma suka sake kashe kashi 60 cikin ɗari na abin da suka samu a nan gida, haka dai har kuɗin ya ƙare, jimlar cinikin da naira 100 ɗin ta haifar za ta kai naira 250. In kuwa kashi 20 ne kawai ke tsayawa a gida, saura na tafiya wajen shinkafar da aka shigo da ita daga ƙetare, jimlar ba za ta wuce naira 125 ba. Kuɗin da gwamnati ta fitar ɗaya ne, cikin yaro ya cika a duka biyun, amma abin da ya rage wa jama'ar yankin ya bambanta da ninki biyu.

Wannan dangantaka ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tsangayun dā da gona suka rayu: almajirai su yi noma da damina a gonar malam, manoman gari kuma su kawo zakkar hatsi da kaka. Makarantun boko na farko ma suna da gonakin makaranta da ƙungiyoyin matasa manoma. Yawancin waɗannan filaye a birni irin Kaduna gine-gine sun cinye su.

Abin da Ya Faru a Kaduna

A 2003 ƙasashen Afirka, ƙarƙashin shirin raya nahiyar na NEPAD, suka amince da manufar ciyar da 'yan makaranta da abincin da aka noma a gida. Nijeriya ta fara gwaji a 2005 zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo a wasu jihohi da Abuja, amma kusan duk suka watsar, in ban da Jihar Osun wadda ta riƙe nata har ta sake masa fasali a 2012. A 2016 Ƙungiyar Tarayyar Afirka ta tsayar da 1 ga Maris a matsayin ranar ciyar da 'yan makaranta, aka kuma yi bikin farko a Yamai, babban birnin Nijar.

A watan Janairu na wannan shekara ta 2016 gwamnatin Jihar Kaduna, ƙarƙashin Malam Nasir El-Rufa'i, ta ƙaddamar da nata shirin a makarantun firamare na gwamnati, a kan naira 50 ga kowane yaro a rana. Yaran da abin ya shafa sun haura miliyan ɗaya da rabi. An ɗauki dubban mata masu girki. Nan da nan azuzuwa suka cika suka tumbatsa, har aka riƙa ba da labarin yaran da ke zuwa da kwanukansu, su ci, su kama gabansu. Ba a rufa shekara ba nauyin kuɗin ya fi ƙarfin jihar, aka dakatar. A 2017 jihar ta shiga shirin gwamnatin tarayya, wanda ya taƙaita ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70. Daga baya an ɗaga kuɗin zuwa naira 100, sannan a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen tallafin jama'a domin gudanar da bincike.

Sunan shirin ya nuna cewa abincin gida za a ci, kuma galibi na gida aka ci. Sai dai tsarin sayen ne abin dubawa. A lokacin shirin, ana zuba wa mai girki kuɗin 'yan kwanaki a asusunta na banki, ita kuma ta ɗauki jakarta ta tafi kasuwa. Matar da ke dafa wa wata makaranta a Kurmin Mashi ba ta da jarin da za ta je Saminaka ko Giwa ta sayi buhu 20 da kaka, ba ta kuma da sito. Tiya-tiya take saye, a farashin ranar, daga hannun mutum na ƙarshe a jerin masu cin riba. Ba laifinta ba ne, haka aka tsara abin. Manomin Igabi ko na Soba bai san ma ana yi ba, domin shi tun watan Oktoba ya sayar da masararsa da araha ya biya bashin taki. Daɗin daɗawa, kuɗin kan makara, farashin abinci kuma na hawa. A watan Yuni na 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta zarce kashi 40 cikin ɗari a shekara. Idan an ƙayyade kuɗin kwano alhali kasuwa na tashi, ludayin mai girki ne ke ƙanƙancewa.

Yadda Barazil Ta Yi

Ƙasar Barazil ta daɗe tana ciyar da 'yan makaranta, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 40, amma sai a 2009 ta kafa dokar da ta sauya al'amarin. Dokar ta wajabta cewa aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa domin abincin makaranta a kashe su wajen sayen kaya kai tsaye daga ƙananan manoma da ƙungiyoyinsu. Mutane kan tsaya a kan wannan adadi, alhali ƙananan ƙa'idojin da suka biyo bayansa su ne suka sa ya yi aiki. An ɗauke wa manoma wahalar takarar kwangila irin wadda manyan kamfanoni kaɗai ke iya ci. A maimakon haka hukumar gari kan fitar da sanarwa ta faɗi abin da take bukata da farashin da za ta biya, wanda aka ɗauko daga kasuwannin yankin. An fifita manoman garin a kan na nesa. An sa iyaka ga abin da mutum guda zai sayar a shekara, don kada babba ya shige rigar ƙarami. An ɗora wa masanin abinci mai gina jiki alhakin tsara jadawalin girki bisa abin da ƙasar wurin ke bayarwa a kowane lokaci. Akwai kuma majalisar sa ido da ta ƙunshi iyaye da malamai. Duk da haka garuruwa da yawa sun ɗauki shekaru kafin su cika kashi 30 ɗin, musamman manyan birane, inda manomi yake nesa kuma takardu suke da yawa.

Kalandar Gona da Kalandar Makaranta

Ko da an kafa irin wannan doka a Kaduna gobe, akwai gargadar da doka ba ta warwarewa, wato saɓanin lokaci. Gona sau ɗaya take haihuwa a shekara, makaranta kuwa zango uku take ci. Masara kan shigo gida daga Satumba zuwa Nuwamba, wake ya biyo baya. Zango na uku kuwa, daga Afrilu zuwa Yuli, yakan faɗo daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma hatsi ya fi tsada. Ke nan duk wanda zai ciyar da makaranta daga gonar kusa, tilas ya saya da kaka ya adana har wata takwas ko tara. A nan ne maganar ta koma ta kimiyya.

Hatsin da za a adana sai laimarsa ta sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari ko ƙasa da haka. In ta wuce, wata fumfuna mai suna Aspergillus flavus kan samu wurin zama a masara da gyaɗa, ta fitar da gubar da ake kira afulatoksin. Wannan guba ba ta da wari ko ɗanɗanon da za a gane ta da shi, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Kaɗan-kaɗan da ake ci yau da gobe na lalata hanta har ya kai ga ciwon daji, an kuma danganta shi da tsumburewar yara. Mai yawa kuwa kisa yake yi nan take: a 2004 mutum 125 suka mutu a gabashin Kenya bayan cin masarar da ta gurɓace. Cibiyar Binciken Noma ta Ƙasashe Masu Zafi da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni biyu zuwa uku kafin masara ta fitar da fure. Irin fumfunar ce dai, amma jinsin da ba ya yin guba, sai ya riga mugun kama wuri.

Wake kuma ƙwaro ne abokin gabansa. Tun a gona yake saka ƙwai, kuma cikin 'yan watanni yana iya mayar da buhu ya zama gari da ɓawo. Don gudun hasara 'yan kasuwa da yawa kan zuba magungunan da ba a yi su don abinci ba. A 2008 hukumar NAFDAC ta ba da sanarwar cewa ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a Jihar Gombe sun kwanta asibiti bayan cin waken da aka adana da maganin ƙwari. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda irin wannan dalili. Waken da Turawa suka ƙi, a cikin gida aka cinye shi. Alhali akwai mafita mai sauƙi: buhun nan mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhun saƙa. Idan aka ɗaure kowace da kyau, ƙwarin kan shaƙe 'yar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Makarantar da ta san manomin da ya noma wakenta, ta kuma ga buhun da aka zuba shi, ta fi wadda ta auno a kasuwa sanin abin da take ba 'ya'yan mutane.

Kayan miya sun fi wuyar sha'ani. Daga Janairu zuwa Maris tumatirin rani na Ikara da Kudan da Makarfi kan yi yawa har a zubar, da bazara kuma ya yi wuyar gani. A watan Mayu na 2016, wato ana tsakiyar shirin ciyarwar jihar, tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Jadawalin girkin da aka rubuta a ofis ba tare da duba irin wannan ba, takarda ce kawai. Busar da tumatir da kuɓewa da kuka a kan tsaftataccen abin shanya, ba a bakin titi ba, zai cike giɓin watannin tsada.

Masu Lambu na Cikin Gari

Manoman da suka fi kusa da makarantun Kurmin Mashi su ne masu lambun da ke noma alayyafo da latas da kabeji a bakin Rafin Mashi da gaɓar Kogin Kaduna da rani. Ganyensu zai iya isa tukunya a safiyar da aka yanke shi, ba kuɗin mota mai yawa. Amma rafin cikin gari shi ne matattarar ruwan kwatoci da na bola da baƙin man garejoji. Irin wannan ruwa na iya ɗaukar ƙwayayen tsutsar ciki da ƙwayoyin cutar gudawa, da kuma ƙarafa masu guba kamar dalma da kadmiyom, waɗanda ganye ke zuƙa ya tara. Wanki da dafuwa na maganin ƙwayoyin cuta, amma ba sa fitar da dalma, ita kuwa dalma ƙwaƙwalwar yaro take taɓawa. Saboda haka kusanci kaɗai bai isa hujjar saye ba. Sai an auna ruwan, an auna ƙasar, an auna ganyen, a ware fadamun da suka tsira, a taimaki sauran da rijiyoyin burtsatse marasa zurfi ko wata hanyar tace ruwa.

Aikin Manyan Makarantu

Wa zai yi wannan awo? Amsar tana nan kusa. Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa a Mando take. Kwalejin Kimiyya da Fasaha da Jami'ar Jihar Kaduna suna da ɗakunan gwaje-gwaje, kuma kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na neman batun da za su rubuta kundi a kai. Awon laimar hatsi, da gwajin gubar fumfuna, da binciken dalma a alayyafo, duk ayyuka ne da suka dace da su. Bambancin kawai shi ne sakamakon ya koma hannun shugaban makaranta da ƙungiyar manoma, maimakon ya kwanta a kanta yana shan ƙura. Kwalejin Gama Kai ta Tarayya da ke Kaduna fanninta ne koyar da yadda manoma 30 ko 40 za su haɗa kai su yi rajista, su buɗe asusu, su cika alkawarin buhu 180 da mutum guda ba zai iya ba. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru kuwa, wadda tushenta ya faro tun 1922, ta fitar da ire-iren masara masu ruwan lemo da ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Manomi kan yi ɗari-ɗari da sabon iri don tsoron kada kasuwa ta ƙi shi; in makaranta ta yi alkawarin saye, tsoron ya kau.

Akwai misalai na abin da malami guda zai iya yi. Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya a ƙauyuka: a sa ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da ɗanyen tsumma. Yayin da ruwan ke tsanewa yana bin iska, yakan tafi da zafi, kayan miyan da ke ciki su yi kwanaki ba su lalace ba. Ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A nan Kaduna ma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta ƙulla hulɗa da masu sana'ar hannu na Panteka don inganta aikinsu da ba su takardar shaida, kuma waɗannan maƙera za su iya ƙera injin casa da na'urar busar da hatsi da rumbun ƙarfe.

Sai dai a kiyayi kuskuren 1976. A lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin soja, an tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka da dogon hutu, wai su koya wa manoma noma. Da yawansu ba su taɓa riƙe fartanya ba, manoma kuwa suka yi musu kallon 'yan yawon shan iska. Manomin Kaduna ba ya bukatar a nuna masa yadda ake huɗa. Abin da ba shi da shi su ne ma'aunin laima, da sito mai kyau, da takardar yarjejeniya, da mai sayen da zai biya a kan lokaci.

Wannan na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Ɗan sari yana cin kasuwar ƙauye ne domin kuɗi a hannu yake biya, wani lokaci ma ya ba da bashi tun da damina. Hukuma kuwa ta saba karɓar kaya yau ta biya bayan wata uku ko shida, manomin da ke da bikin 'ya da bashin taki a kansa ba zai iya jira ba. Idan ana son hatsin Igabi ya shiga tukunyar Kurmin Mashi, sai kuɗin hatsin shekara ya fito a watan Oktoba ko Nuwamba, a biya ƙungiyar manoma ranar da aka auna, a zuba kayan a siton da makarantu huɗu ko biyar suka yi tarayya a kansa, masu girki su riƙa ɗiba mako-mako, kuɗin hannunsu ya tsaya ga mai da ƙwai da ganye da itace. Makarantun kwana, da na kuɗi, da Islamiyyu masu ciyarwa, da ɗakunan cin abinci na kwalejoji ba sa bukatar jiran wata doka kafin su gwada haka, tunda kuɗin abincinsu a farkon zangon Satumba suke karɓa, makonni kaɗan kafin sabuwar masara ta sauko kasuwar Saminaka.